An haɗa mini kulob ɗin 'yan jarida da 'yan fareti: ta ina zan fara?

Tambaya: Wani malami a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke cikin garin Kaduna ya rubuto cewa shugaban makaranta ya ɗora masa kula da kulob ɗin 'yan jarida, aka kuma haɗa masa da 'yan fareti saboda an yi wa malamin wasanni canjin wurin aiki. Ya ce sau biyu ana kafa kulob ɗin yana mutuwa, su kuwa 'yan fareti sai ana saura mako guda a fita ake tattaro su. Yana son ya san yadda zai tsara su har su ɗore.

Amsa: Malam, ciwon da ke kashe waɗannan ƙungiyoyi biyu a makarantunmu iri ɗaya ne. Kuɗi ake fara ɗora wa laifi, amma in ka duba da kyau za ka tarar an kafa su ne don wata rana guda: ranar rabon kyaututtuka, ko ranar gasar wasanni tsakanin gidaje, ko ranar da baƙi za su zo daga ma'aikatar ilimi. Da ranar ta wuce kowa sai ya kama gabansa. Sannan ana damƙa shugabanci a hannun 'yan SS3, waɗanda tun daga zango na biyu hankalinsu ya koma kan WAEC da NECO, su fita ba su koya wa kowa komai ba. Don haka kafin ka tara ko yaro ɗaya, ka samo abu biyu daga shugaban makaranta a rubuce. Na farko, rana da lokaci da wuri tsayayyu ga kowace ƙungiya a jadawalin mako, minti arba'in sau biyu ya isa. Na biyu, amincewarsa cewa 'yan SS2 ne za su riƙe shugabanci, 'yan SS1 su zama mataimaka, 'yan SS3 su koma masu ba da shawara. In ka samu waɗannan biyun, sauran aiki ne kawai.

Bari mu fara da 'yan jarida, don nan ne aka fi yin kuskure kuma nan ne rigima ta fi saurin tashi.

Kada ka fara da mujalla. Mujalla tana cin kuɗi, tana cin wata biyu ko uku, yara kuma ba sa koyon komai daga abin da ake yi sau ɗaya a shekara. Ka fara da labaran minti biyar da za a riƙa karantawa a asambuli kowace Litinin, da allon bango guda ɗaya da ake sabuntawa duk mako. Kayan aikin ba su wuce littafin rubutu ɗaya ga kowane wakili ba, da biro, da kwali huɗu, da maka, da salatif, da babban fayil guda na ajiye duk abin da aka karanta ko aka liƙa. Wannan fayil shi ne jarin kulob ɗin, kuma daga cikinsa mujallar ƙarshen shekara za ta fito ba tare da an wahala ba.

Yara goma sha biyar zuwa ashirin sun isa. In suka wuce haka, rabinsu 'yan kallo ne. Wajen zaɓe kada ka ce malamin Turanci ya ba ka waɗanda suka fi cin jarrabawa. Ka tara masu sha'awa bayan an dawo daga tara, ka ba su minti goma sha biyar, kowa ya rubuta abin da ya gani da idonsa a lokacin tarar nan, cikin kalmomi kamar ɗari, da Hausa ko da Turanci. Wanda ya rubuto cewa mai awara ta ƙara kuɗi, 'yan JS1 uku sun koma aji ba su saya ba, shi kake nema, ko da rubutunsa cike yake da kurakurai. Ana gyara ƙa'idar rubutu a zango ɗaya. Ido mai lura kuwa ya fi wuyar samu. Wanda ya cika shafi da wa'azi kan muhimmancin ilimi, ka ajiye shi don kulob ɗin muhawara.

Ka naɗa edita da mataimaki, in makarantar ta maza da mata ce ɗaya namiji ɗaya mace. Ka sa mai tace Hausa da mai tace Turanci, da mai kula da fayil. Sauran duka wakilai ne, kuma kowane wakili a ba shi fage nasa wanda ba ya canzawa har zango ya ƙare: azuzuwan ƙasa, azuzuwan sama, wasanni, laburare da ɗakin gwaje-gwaje, tsafta da ruwa, sauran ƙungiyoyin makaranta. Amfanin fage tsayayye shi ne yaro ya saba da mutanen wurin, maigadi da mai shara da mai kula da sito su san shi, su riƙa gaya masa abu tun kafin ya tambaya. Masu karanta labarai kuwa a riƙa juya su duk mako. In aka bar wa yara biyu masu daɗin murya makirfo, sauran za su ga su ke wahala wasu na suna, sai su janye jiki.

Makon kulob yana tafiya haka. Ranar Talata a yi taron edita, kowane wakili ya faɗi labarin da zai bi da wanda zai tambaya. Laraba a je a tambayo. Alhamis kafin a fita tara a miƙa wa edita, shi da masu tacewa su gyara, kai kuma ka karanta bayan an tashi, ka sa hannu a ƙasan kowace takarda. Litinin a karanta, a liƙa. Wanda bai kawo nasa ranar Alhamis ba, labarinsa ba ya fita, ko da ɗan shugaban ƙungiyar iyaye da malamai ne. Mako biyu ka tsaya a kan wannan, ba za ka sake bin kowa ba. Ɗalibi yana karanta kalmomi kamar 120 zuwa 130 a minti in ba ya gaggawa, ka ga minti biyar ba zai ɗauki fiye da kalmomi 600 zuwa 650 ba. Wato labarai biyar ko shida, kowanne kalmomi 80 zuwa 100, da buɗewa da rufewa. Ka riƙe agogo a wajen gwaji. Ranar da labarai suka ci minti goma sha biyu yara na tsaye a rana, ranar shugaban makaranta zai fara tunanin soke su.

Abin da za ka fi shan wahalar koyarwa shi ne jimlar farko. Yaranmu sun saba da rubutun insha'i, inda ake farawa da share fage. A ce injin rijiyar burtsatsen makaranta ya ƙone. Yaro zai kawo maka: "Kamar yadda kowa ya sani, ruwa abokin aiki ne, kuma babu wata halitta da za ta rayu ba tare da shi ba." Ka mayar masa, ka ce ya amsa tambayoyi shida a gefen takarda: me ya faru, wa ya shafa, a ina, yaushe, ta yaya, don me. Daga amsoshin sai ya gina: "Ɗalibai sun yi mako guda ba ruwa a famfunan bayan ɗakin gwaje-gwaje, tun da injin rijiyar burtsatse ya ƙone ranar Litinin da ta wuce." Jimla ta biyu ta kawo abin da mataimakin shugaban makaranta ya ce game da gyara, ta uku abin da ɗalibai ke yi kafin a gyara. Mafi muhimmanci a sama, mai ƙaramin muhimmanci a ƙasa, yadda in lokaci ya ƙure edita zai yanke daga ƙasa labarin bai lalace ba.

Doka uku za ka kafa tun ranar farko, a rubuta a liƙa a cikin murfin fayil. Ba a rubuta "an ce" ko "ana raɗe-raɗin". Wanda ya faɗi magana a ambace shi da muƙaminsa. Duk labarin da ya taɓa wani, sai an je an ji ta bakinsa kafin a karanta, in ya ƙi magana a rubuta cewa an neme shi bai ce komai ba. Sunan mutum kuma a ba shi ya rubuta da hannunsa a littafin wakili, don babu abin da ke zubar da mutuncin kulob da sauri kamar kiran Malama Rahila da Malama Rahama a gaban makaranta duka. In an yi kuskure, a gyara shi a asambulin Litinin mai zuwa, a fili, cikin jimla ɗaya. Yara su ga cewa gyara ba abin kunya ba ne.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi natsuwa. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin baki, ya kamata kuma yaran su san da shi. Amma waɗannan yara ne ƙanana, kai ne babban da ya sa hannu, kuma kai za a kira ofis. Akwai abubuwan da ba sa shiga labaran makaranta ko kaɗan: sunan ɗalibin da aka hukunta ko aka kora, rashin lafiyar wani, wanda ya kasa biyan kuɗi, zancen soyayya, da shafin gulma da ake sakaya suna ana cewa "wata 'yar SS2 mai jan takalmi", alhali kowa ya san wadda ake nufi. Zargin cin zarafi ko lalata da ɗalibi kuwa ba labari ba ne da za a karanta a asambuli. In wakili ya zo da shi, ka karɓa ka kai wa shugaban makaranta da malamin da ke ba ɗalibai shawara a ranar, a bi ta hanyar da doka ta tanada, yaron da abin ya shafa kuma a rufa masa asiri.

Garin nan kuma Kaduna ne. A aji ɗaya za ka samu Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bajju da Bagwari da Bayarabe. Raha kan addini ko ƙabila, ko jita-jitar da aka kwaso daga WhatsApp cewa an yi kaza a unguwa kaza, ba ta da wuri a allon makaranta. Abin da ya fi kyau shi ne ka haɗa wakilai biyu masu addini daban su bi labari ɗaya, ɗan MSS, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ya rubuto taron FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista, ɗan FCS ya rubuto na MSS, kowa ya kai wa masu taron su duba sunaye. Haka batun tsaro. Bayan sace ɗaliban makaranta da aka yi a Kuriga a watan Maris na 2024, babu makarantar da ya kamata ta sa ranar tafiyar ɗalibai, ko lokacin tashin mota, ko hoton katanga da ƙofofi a Facebook. Labarin ziyara ana ba da shi ne bayan an dawo. Hoton ɗalibi ba ya hawa intanet sai da izinin iyaye a rubuce, kuma da wayarka ko wayar makaranta za a ɗauka, ba da ta yaro ba.

Kada wannan tsantseni ya sa ka mayar da kulob ɗin 'yan amshin shata. In duk mako labarin shi ne shugaban makaranta ya yi kira ga ɗalibai su dage da karatu, ba mai saurare. Bandaki da ya toshe, aji da ya yi mako uku ba malamin lissafi, tagogin da iskar farkon damina ta ɓalle, duk labarai ne halattattu muddin an tabbatar kuma an ji ta bakin hukumar makaranta. Ka zauna da shugaban makaranta tun farko ku yi wannan yarjejeniya: ba za a ba shi mamaki a asambuli ba, za a nemi bayaninsa kafin a karanta, shi kuma ba zai hana labari don kawai ba daɗi ba. Yawancin shugabanni suna yarda in sun ga an ba su damar magana.

Ina ba ka shawara a riƙa yin labaran da harsuna biyu, mako ɗaya Hausa ta fara, mako na gaba Turanci. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a Kaduna aka kafa jaridar New Nigerian a 1966, gidan rediyon da yanzu ake kira Rediyon Najeriya Kaduna kuma tun 1962 yake watsa shirye-shirye. Yaron da ya tashi a jihar nan ya iya rubuta labari da Hausa mai tsafta yana da sana'a a hannu. Mai tace Hausa ya kula da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da raba kalmomi, musamman irin su "shi ne" da "ba ni" da yara ke haɗewa. Sau ɗaya a shekara ka rubuta takarda ta hannun shugaban makaranta ku ziyarci ɗakin labaran KSMC, kafar watsa labarai ta jihar Kaduna, ko na Rediyon Najeriya, ko ka gayyato ɗalibin sashen aikin jarida na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna (Kadpoly) ko Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) ya yi musu awa guda kan yadda ake hira.

In zango biyu sun wuce fayil ya yi kauri, sai a yi maganar mujalla. Shafukanta su zama 12 ko 16 ko 20, domin takarda ɗaya in an naɗe ta shafi huɗu take bayarwa, in ka kai 18 maɗaba'a za ta cike maka da farin shafi ko ta matse. Ka ƙirga mako shida baya daga ranar da ake son rabawa, ka tambayi farashi a wuri uku, ka kai aikin a PDF don kada haruffa masu lanƙwasa su koma akwatuna a kwamfutar mai bugawa. Kada ka yarda a buga sai an ba ka gwaji a takarda, mutum biyu sun karanta da jan biro. Hotunan manya da saƙonnin fatan alheri kada su wuce shafi uku. Mujallar ta yara ce.

Sai fareti.

Kalandar ita ce farkon abin dubawa. Ranar yara, 27 ga Mayu, tana faɗowa ne ana tsakiyar WAEC, saboda haka ɗan SS3 ba ya cikin lissafi. Ranar 1 ga Oktoba kuwa tana zuwa makonni kaɗan bayan an dawo daga dogon hutu, ba lokacin horar da sababbi, sai dai a fita da tawagar da aka gina a zango na uku. Gasar gidaje yawanci a zango na biyu ake yi, cikin hunturu ko farkon zafi. Wannan ya nuna maka cewa sabon ɗauka a zango na farko ake yinsa, bayan Oktoba, daga JS2 da SS1. Ka ɗauki yara 36 don ka fita da 30 a sahu uku na goma-goma. Shidan nan na ajiya ba ado ba ne, ranar fita sai ka rasa uku saboda zazzaɓi ko rashin takalmi.

Kafin yaro ya taka fili, iyayensa su cike 'yar takarda: sun yarda, kuma ko yana da sikila, ko asma, ko farfaɗiya, ko ya taɓa suma. Zafi da ƙishirwa suna tayar da ciwon sikila, ƙurar hunturu tana tayar da asma. Irin waɗannan yara ba a kore su, a ba su riƙon allon sunan makaranta, ko ganga a inuwa, ko lissafin kaya. Horo a yi shi da sassafe ko bayan la'asar, kada a yi tsakanin sha ɗaya da uku, musamman a Maris da Afrilu. Duk minti ashirin a tsaya a sha ruwa. Da azumi a bar maci a rana, a koma gyaran tsayuwa da juyi a inuwa na ɗan lokaci. In akwai 'yan mata a tawagar, malama ta kasance a fili duk lokacin horo.

Mai horarwa ba ya wuya a Kaduna, gari ne na sojoji. Akwai tsofaffin sojoji a kusan kowace unguwa, akwai 'yan Man O' War, akwai 'yan bautar ƙasa da suka fito daga sansanin mako uku da fareti a ƙafarsu. Ko wa ka samu, ya zo ta hannun shugaban makaranta, kuma ka gaya masa a gaban shaida cewa babu duka, babu tsallen kwaɗo, babu birgima a ƙasa. Waɗannan ɗalibai ne, ba kuratan soja na Depot ɗin Zariya ba. Wannan dokar ta hau kan manyan ɗalibai ma, don su suka fi zaƙewa in an ba su umarni. Kai kuma kada ka bar fili ka tafi ofis.

Tsarin koyarwa daga tsaye ake farawa, kuma masu gaggawa nan suke tsallakewa. Mako biyu na farko babu maci. A koyi ƙamewa: dugadugai a haɗe, yatsun ƙafa a buɗe kaɗan, hannaye a jikin ɗinkin wando, haɓa a ɗage, gwiwa a miƙe amma ba a ƙulle ba. A koyi sassautawa, ƙafar hagu ta fita kamar santimita 30, hannaye a baya. A koyi juyi dama da hagu da baya, kowa na ƙirga "ɗaya, biyu-uku, ɗaya" da ƙarfi, har ƙirgar ta zauna a kai sannan a koma yi a zuci. Mako na uku a shiga taku a wuri ɗaya. Na huɗu a fara tafiya, sahu ɗaya-ɗaya, ba ganga. Sai na biyar ganga ta shigo, na shida a ƙara shan kwana da gaisuwar manyan baƙi.

Jera yara ma yana da ƙa'ida. A tsayar da su layi ɗaya daga mafi tsawo a dama zuwa mafi gajarta a hagu, su ƙirga, masu lamba mara su yi taku ɗaya gaba, masu cika su yi baya, layin gaba ya juya dama na baya ya juya hagu, a zuba su cikin sahu uku. Sakamakon shi ne dogaye a gefe biyu, gajeru a tsakiya, tawagar ta yi kyan gani daga rumfa. Da an jera, kowa ya haddace na gabansa da na damansa, kada a sake canza wuri.

Macin sauri taku 120 ne a minti, wato taku biyu a daƙiƙa, kuma da ƙafar hagu ake tashi, bugun babbar ganga yana sauka tare da ita. Takun soja kamar santimita 75 ne, wanda ya yi wa ɗan JS2 yawa. Ka rage zuwa wajen 60, ka ja layuka da toka ko farar ƙasa a tazarar nan tsawon mita goma, su yi ta bi har ƙafa ta saba. In ba a yi haka ba, dogayen gaba za su buɗe ƙafa, na baya su riƙa gudu suna cim musu, tawagar tana miƙewa tana tsukewa. Mai ganga ma a gwada shi da agogo, bugunsa ya ba da taku sittin a daƙiƙa talatin, domin masu ganga suna ƙara sauri in sun ga taro.

Akwai yaron da zai riƙa ɗaga hannun dama tare da ƙafar dama. Tsoro ne da yawan tunani ke jawo shi, tsawa kuma ƙara shi take yi. Ka fitar da shi gefe, ku yi tafiyar yau da kullum kuna hira, hannayensa za su koma daidai da kansu, sai ka ce ya ƙara ɗaga su a hankali. Wajen shan kwana, na ciki su rage taku na waje su riƙe nasu, kowa yana satar kallon sahu ta gefen ido. Wajen gaisuwa, in kwamanda ya ba da umarnin kallon dama, kowa ya juya kai sai na ƙarshen dama a sahun gaba, shi zai ci gaba da kallon gabansa don ya riƙe hanya. In shi ma ya juya, tawagar gaba ɗaya za ta karkata ta nufi rumfar baƙi.

Kwamanda ana zaɓensa ne da murya da natsuwa, ba da tsawo ko farin jini ba. Umarni kashi biyu ne: jan kunne da ake ja a hankali, sai ɗan shiru, sai kalmar aiwatarwa gajera mai kaifi. Shirun nan dole tsawonsa ya zama ɗaya kullum, don a kansa yara talatin suke auna lokacin motsi. Muryar daga ciki take fitowa, wanda ke ƙwalawa da maƙogwaro zai dushe kafin ranar. Ka horar da mutum biyu.

Wani abu da ke rikita tawagogi masu kyau a babban fili kamar Dandalin Murtala ko filin wasa na Ahmadu Bello shi ne jinkirin sauti. Sauti yana tafiyar mita 340 a daƙiƙa. Tawagar da ke nesa da 'yan badujala da mita 85 tana jin bugu bayan rubu'in daƙiƙa, rabin taku ke nan, ga kuma amsa-kuwwa daga gine-gine da lasifikoki. Yaran da suka saba da ganga a kusa da kunnensu sai su rikice. Maganinsa a horo: ka riƙa kai mai ganga can ƙarshen fili, wani lokaci ka sa ya yi shiru na taku ashirin, su riƙe takun da kansu suna bin ƙafar sahun gaba, wani a tsakiya yana kiran lef-rait ƙasa-ƙasa.

Kaya kuwa daidaito ake dubawa, ba tsada ba. Yunifom ɗin makaranta wankakke a goge, safa launi ɗaya tsawo ɗaya, bel iri ɗaya, hijabai launi ɗaya tsawo ɗaya an kama su da fil yadda iska ba za ta ɗaga ba kuma hannu zai samu wurin lilo. Sabon takalmi a fara sa shi mako biyu kafin ranar, in ba haka ba zai ji wa yaro ciwo a ƙafa ya fita yana ɗingishi. Kada a ɗora wa iyaye ɗinkin da zai sa ɗan talaka ya janye. In za a sayi safar hannu ko hula, makaranta ta saya ta ajiye a sito da lissafi.

Ranar fita, mafi yawan masu faɗuwa ba a maci suke faɗuwa ba, a tsaye ne ana jiran babban baƙo. Yaro bai karya ba, ya ƙulle gwiwa, jini ya taru a ƙafafu, sai jiri. Kowa ya ci abinci ya sha ruwa kafin a tashi daga makaranta, ku tafi da ruwa aƙalla leda uku ga kowane yaro, a koya musu motsa yatsun ƙafa a cikin takalmi da matse tsokar ƙwauri suna tsaye, wanda ya ji duhu-duhu kuma ya durƙusa da gwiwa ɗaya ba laifi. In wani ya faɗi, a kai shi inuwa, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta bel da wuyan riga. Kada a ɗura masa ruwa a baki sai ya farfaɗo sosai, in kuma ya wuce minti ɗaya ko biyu bai dawo ba, ko numfashinsa ya canza, a nufi asibiti. Ka sa 'yan Red Cross na makaranta biyu su tsaya bayan sahu, ka ƙirga yara da suna wajen hawa mota, tafiya da dawowa.

Tunda ƙungiyoyin biyu suna hannunka, ka sa su yi wa juna aiki: wakilin wasanni ya riƙa kawo rahoton horo, a yi hira da kwamanda, a karanta sunayen sababbin ɗauka a asambuli. Sai dai kada yaro ɗaya ya riƙe edita da kwamanda. Miƙa mulki kuma a yi shi a farkon zango na uku. Ranar 'yancin 'yan jarida ta duniya, 3 ga Mayu, ta dace da 'yan jarida: editan da zai shiga SS3 ya miƙa fayil ga mataimakinsa a gaban asambuli, ya zauna tare da shi mako huɗu yana duba masa aiki. 'Yan fareti su yi nasu a makon da ya biyo bayan 27 ga Mayu, sabon kwamanda ya karɓi lissafin kayan sito, ya ja horo sau ɗaya a mako har a yi hutu, da tawagar da za ta fita ranar 1 ga Oktoba.